Ga Masu Neman Ɓataccen Birni

Ƙannena maza da mata, da ku nake, ku da ke kwana da littafin yaƙi a ƙarƙashin matashi, ko ku raba dare kuna karanta shi a waya har caji ya ƙare. Na san irin labarin da ke hana ku barci. Sarki yana da 'ya guda tilo, kyakkyawa ta gaban kwatance. Wani hatsabibin boka ya duba madubin tsafinsa ya gan ta, ya aiko baƙin aljani ya sure ta daga tsakiyar kuyanginta. Wani saurayi, ɗan maƙeri ko ɗan masunci, wanda sau ɗaya tak ya taɓa hango ta a kan doki, ya yi rantsuwa sai ya dawo da ita. Aka ce masa babu abin da ke kashe bokan sai wani takobi da ke ajiye a birnin da ƙasa ta haɗiye tun zamanin da ba a san adadinsa ba, a bayan dazuzzuka da tekuna. Ya kama hanya. Littafi na ɗaya ya ƙare daidai lokacin da dodo ya ɗaga shi sama zai fyaɗa da ƙasa, aka ce a tara a na biyu.

Ba zan ce ku daina ba. Duk babban da ya ce muku karatun banza ne, ku ba shi girmansa, amma ku san cewa ƙagaggen labarin Hausa na boko da irin wannan tafiya ya buɗe ido. A 1933 Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta labari, aka sami littattafai biyar da har yau ake ambato: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na wansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Ruwan Bagaja tafiya ce ta neman ruwan magani a ƙasar aljannu. Ganɗoki kuwa, bayan ya gama artabu da sojojin Turawa, sai ya faɗa ƙasashen aljannu da matsafa shi da ɗansa Garba Gagare. Malamai ne 'ya'yan malamai suka rubuta su, kuma iyayenku a aji suka karance su, malami na tsaye da alli a hannu. Kafin nan ma akwai tatsuniya a bakin kakanni, akwai Dare Dubu da Ɗaya da aka buga da Hausa tun 1924. A farkon shekarun 1950 aka sami Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa da Sihirtaccen Gari na Ahmadu Katsina. Da littattafan soyayya suka cika kasuwar Kano daga tsakiyar shekarun 1980, sai reshen yaƙi da tsafi ya tsiro a gefensu, inda irin su Abdul'aziz Sani Madakin Gini suka yi suna, soyayya da sara da suka suka haɗu a bango ɗaya. A 2007 an tara littattafan Hausa an cinna musu wuta a Kano da sunan gyaran tarbiyya. Karatun bai tsaya ba, ya dai koma waya, inda babu mai leƙa abin da yaro ke karantawa.

Na san matasa da yawa a garin nan na Bauchi da Hausar boko ba ta zauna a bakinsu ba sai da suka fara hayar waɗannan littattafai a shagunan unguwa. Yarinyar da a aji take in-ina a kan layi guda, sai ga ta ta cinye littafi uku kafin magariba saboda tana son ta san ko gimbiya za ta kuɓuta. Wannan riba ce babba, kada wani ya raina muku ita.

Abin da nake jin tsoro daban ne. Waɗannan labarai suna koya wa zuciya begen abin da ke nesa, kuma bege abu ne mai kyau, shi ke tayar da mutum daga zaune. Amma idan aka sha shi ba tare da lura ba, yana barin mutum da raina duk abin da ke kusa da shi: aikin hannunsa, yarinyar ko saurayin da ke gabansa, da garin da aka yanke masa cibiya. A kan wannan nake so mu yi magana.

Ku sake ɗaukar Ruwan Bagaja ku duba abin da ya fitar da jaruminsa, Alhaji Imam, daga Kwantagora. Ɗan sarki ne ba shi da lafiya, limamin da ya riƙe Alhaji tun yana yaro ya ce a gaban fada da za a sami Ruwan Bagaja da ya warke, aka yi masa dariya, tsoho ya komo gida da baƙin ciki. Yaron ya ga an kunyata mutumin da ya rene shi, ya ɗauki sanda. Kunyar uba ce ta kore shi daga gida. Sannan ku lura da inda Abubakar Imam ya ɓata yawancin tawadarsa: garuruwa, kasuwanni, zaurukan alƙalai, yunwa, kurkuku, da ramuwar gayya tsakaninsa da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, yau wannan ya yi wa wancan tsiya, gobe wancan ya rama. Ƙasar Irami da aljannunta sai can wajen ƙarshe suke zuwa, a shafuka kaɗan. Ku tambayi duk dattijon da ya karanta littafin yana firamare me ya fi tunawa, za ku ji ya ce Zurƙe. Mutane ne suka zauna masa a rai. Sihiri a labari kamar yaji ne a miya, kaɗan ɗinsa ke tayar da ɗanɗano, in ya yi yawa ba a jin komai sai shi.

Da wannan za ku iya auna littafin da ke hannunku. Idan jarumi ya shiga matsala, me ke fitar da shi? In kowane lokaci zobe yake murzawa aljani ya bayyana, ko wani tsoho ya ɓullo daga babu ya miƙa masa laya, to marubucin ya gaji ne, ya rasa dabara, ya ba ku aljani a madadinta. Littafin kirki yana sa jarumi ya biya kuɗin kowane taki: ya rasa aboki, ya yi kuskuren da zai bi shi har ƙarshe, ya zaɓi tsakanin abubuwa biyu da duk yake so. Wanda ya saba da irin na farkon, a hankali zuciyarsa takan fara yarda cewa haka duniya take, akwai wata ɓoyayyiyar ƙofa da masu sa'a suka sani, wahalar karatu da koyon sana'a ta wawaye ce.

Kada ku ce na kai abin da nisa. Na san wani yaro mai hankali, ɗan gidan mutunci, da aka ba shi kuɗin rajistar makaranta ya kai wa wani mutum da ya ce masa akwai tulun zinariya da aljannu ke gadi a wani kufai, ba a buƙatar komai sai turaren da za a kore su da baƙin bunsuru. An kai shi wurin da dare, an sa shi ya tsuguna ya rufe ido, ya ji ana ta surutai da wata murya a bayan dutse. Bayan kwana biyu aka ce aljannun sun ƙara kuɗi. Ranar da mahaifiyarsa ta gane, ba ta yi faɗa ba, ta zauna a bakin murhu ta yi shiru, kuɗin na adashinta ne na shekara guda. Ban ce littafi ne ya kai shi ba, talauci da gaggawa sun fi littafi laifi. Amma ɗan damfarar bai sha wahalar shawo kansa ba, domin labarin da ya ba shi, yaron ya riga ya karanta irinsa sau ba adadi, ya kuma so ya zama gaskiya. Ga kuma abin da ya fi asarar kuɗi: zuwa wurin boka da gaskata shi abu ne da addininmu ya yi hani da shi ƙarara, kun sha ji a islamiyya. Ku ji daɗin bokan cikin littafi, ku bar shi a cikin littafi.

Sai maganar gimbiya. Kusan kullum kamanninta ɗaya ne: fara sol, dogon hanci, dara-daran idanu, gashi har gadon baya. Ba ta da aiki sai kuka a kurkukun boka da jiran mai ceto. Ba mu san abin da ke ba ta dariya ba, ba mu san ko tana da ra'ayi a kan wanda zai aure ta ba, domin ita lada ce da ake miƙa wa wanda ya kashe dodo. Wannan siffa tsohuwa ce. A Dare Dubu da Ɗaya akwai Saiful Muluki, ɗan sarkin Masar, wanda ya ga hoton Badi'atul Jamali, 'yar sarkin aljannu, a jikin wata riga, ya kamu da ciwon so har ya kwanta, ya bar mulki ya shiga teku nemanta. Ya so hoto kafin ya san mai hoton. A da wannan sai a hikaya. Yau kowannenku yana da irin wannan riga a aljihunsa, hotuna ne da aka goge, aka ƙara musu haske, ana turowa dare da rana.

Samari, yarinyar da za ku aura tana nan a Jahun ko Nasarawa ko Yalwa, ta dawo daga makaranta ta ɗora tukunya, wataƙila tana suyar awara da yamma don ta sayi littafin karatu, tana da ciwon kai, tana da fushi, tana da abin da take so ta zama. In kuka auna ta da ma'aunin gimbiyar takarda za ku zalunce ta, ku kuma cuci kanku, domin gimbiyar ba ta taɓa jinyar kowa ba. 'Yan mata, ku ma haka. Sadaukin da ke kashe dakaru dubu da sara guda, da ɗan'uwansa na littattafan zamani, attajirin nan miskili mai ɗaure fuska wanda ke wulaƙanta yarinya shafi ɗari kafin a ce ashe sonta yake, babu ɗayansu da zai yi daɗin zama a ɗaki guda. Namijin da ke tsawa, yana hana ki zuwa gidanku, yana bincike a wayarki, ba tsananin so ke damunsa ba, ko da littafi ya ce haka ne. Ki duba yadda yake yi wa mahaifiyarsa magana, da yadda yake biyan bashi.

In kuna son ku ga tafiyar da so ya sa aka yi, ba sai kun je ƙasar aljannu ba, ɗan garinku ya rubuta ta. Abubakar Tafawa Ɓalewa yana matashin malamin Makarantar Midil ta Bauchi, shekarunsa ashirin da kaɗan, lokacin da ya rubuta Shaihu Umar. Duk kun san kabarinsa, wasunku ma makaranta ta kai ku ziyara, kun bi ta duhun nan na mashiga kafin ku fito fili inda yake kwance. Amma nawa ne cikinku suka karanta littafin? Ƙarami ne, zama ɗaya ya isa. Babu zobe a cikinsa, babu takobin tsafi. Yaro ne mai suna Umar aka sace a zamanin cinikin bayi, ya faɗa hannun wani Balarabe mai suna Abdulkarim, wanda ya ƙetare Sahara da shi zuwa Masar ya riƙe shi kamar ɗansa, ya ba shi ilimi. Uwar yaron kuwa ta ƙi zama. Ta fita nemansa ita kaɗai, mace, ba dangi ba guzuri, aka yaudare ta aka sayar da ita, aka kora ta cikin ayari har Murzuk, har Tarabulus, tana baiwa a gidan mutane, tana shan duka da ƙasƙanci, ba ta daina tambayar inda ɗanta yake ba. Sun haɗu a ƙarshe, bayan shekaru, ta gan shi ya zama mutum, ba ta daɗe ba ta cika.

Ban san wata gimbiya ko wani sadauki a duk littattafan yaƙi da ya yi tafiyar da ta kai ta wannan mata nauyi ba. Hamadar da ta ratsa hamada ce ta gaske, hanyar da dubban mutanen ƙasar nan suka bi a ɗaure, ƙasusuwan da yawansu suka rage a bakin rijiyoyi. Marubucin bai ba ta aljanin da zai ɗauke ta ba, bai kuma ba ta ƙarshe mai daɗi ba, saboda ya girmama ta, ya girmama mai karatu. An juya littafin zuwa Turanci a 1967, Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976. Kuma ku lura da inda Shaihu Umar yake zaune yana ba almajiransa wannan labari: Rauta, nan ƙasar Bauchi. Mutumin da ya ga Masar ya ga Tarabulus, da marubucin ya tashi zaunar da shi, gida ya kawo shi.

Wannan ya kawo ni kan birnin da ya ɓace, wanda shi ne abin da ya fi jan ku, na sani. Mafarkin tsoho ne kuma na duniya duka. Alƙur'ani ya ambaci Iram ta Adawa a Suratul Fajri. Girkawa suna da Atlantis da Aflatun ya ce teku ta cinye. Mutanen Sifen sun ƙare rayuka a dazuzzukan Kudancin Amurka suna neman El Dorado, birnin zinariya. A Dare Dubu da Ɗaya akwai Birnin Tagulla, kuma ina so ku san yadda magabata suka ba da shi. Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya aiki Musa ɗan Nusairu neman tulunan da aka ce Annabi Sulaimanu ya kulle aljannu a ciki. A hanya suka iske birni mai ganuwa ba ƙofa a buɗe. Da suka samu suka shiga, kasuwa na nan, kaya jibge a rumfuna, masu gadi da makamansu, amma kowa ya mutu a inda yake. A fada suka sami sarauniya a kan gado, an ƙawata gawarta har kamar za ta yi magana, ga allo a gefenta yana ba da labarin abin da ya faru: fari ne ya yi shekaru, suka fitar da dukiya a nemo abinci ko da nawa ne, ba a samu ba, suka rufe ƙofofi suka mutu da zinariyarsu. Ɗaya daga cikin matafiyan ya miƙa hannu zai cire kayan adon jikinta, gumakan da ke gadinta suka sare shi. Magabata sun kai mai sauraro ɓataccen birni ne don ya tambayi kansa me ya kashe mutanensa. A littattafan yanzu sau da yawa birnin rumbun ajiya ne kawai, jarumi ya shiga, ya kashe mai gadi, ya ɗauki takobi, ya fita, ba wanda ya tambayi su wa suka gina shi.

Akwai kuma wata guba da ta shigo wannan fanni daga Turai, ya kamata ku san ta. A 1885 wani Bature ɗan Ingila, Rider Haggard, ya fitar da King Solomon's Mines, a 1887 ya biyo da She, labaran Turawa da ke ratsa Afirka su gano rusassun birane masu ban mamaki. A irin waɗannan labarai, kusan kullum wasu fararen mutane ne daga wani wuri suka yi ginin, baƙaƙen da ke zaune a gefensa ba su san komai a kai ba. Abin bai tsaya a takarda ba. Da Turawa suka ga ginin dutse na Zimbabuwe, shekaru suka yi suna musun cewa kakannin mutanen wurin ne suka yi shi. Da Bajamushe Leo Frobenius ya ga kawunan tagulla da na yumɓu a Ile-Ife a 1910, cewa ya yi ya gano ragowar Atlantis. Idonsa ya ga aikin Yarabawa, zuciyarsa ta ƙi yarda. To idan ɗan Bauchi ya zauna rubuta labari, ya ga ba zai iya sa abin mamaki a ko'ina ba sai a wata daula mai sunan da ba na kowa ba, jarumansa duk farare masu sunayen da harshe ke karyewa wajen faɗa, ya kamata ya tsaya ya tambayi kansa wa ya koya masa cewa ƙasarsa ba ta isa ba.

Ta isa, har ta yi yawa. Garin nan da kuke ciki Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa shi wajen 1809, ya kewaye shi da ganuwa mai tsawon fiye da kilomita 10. Yau kuna cewa Ƙofar Ran, Ƙofar Wunti, Ƙofar Wambai, Ƙofar Dumi, kuna faɗa wa mai Keke Napep ya sauke ku, ba ku tuna cewa ƙofofi ne na gaske da ake rufewa da dare, da masu tsaronsu, da baƙon da magariba ta yi masa a waje sai ya kwana a can. Yawancin ganuwar ta narke, an yi gidaje a kanta. Birni ne ke ɓacewa a ƙarƙashin ƙafafunku, a hankali, da rana tsaka. Rautar da na ambata ta taɓa zama mazaunin sarakunan Bauchi a ƙarshen ƙarni na 19, kafin Turawa su ci garin nan a 1902. A Kafin Madaki, kan hanyar Ningi, akwai soron da Babban Gwani Muhammadu Durugu, maginin da ya yi tsohon masallacin Juma'a na Zariya, ya gina wajen 1860 da ƙasa da azara, yana tsaye har yau, kuma tun 1956 aka sa shi cikin kayan tarihin ƙasa. Ku shiga ku ɗaga kai ku dubi yadda bakan gizon suka haɗu a sama, ku tuna babu siminti babu rodi, sannan ku gaya mini wane aljani kuke buƙata.

Duwatsun Ningi su kansu labari ne da ba a gama rubutawa ba. A shekarun 1840 wasu malamai ƙarƙashin Malam Hamza suka bar Tsakuwa ta ƙasar Kano kan rikicin haraji, suka hau duwatsu, suka haɗa kai da mutanen wurin, Butawa da Warjawa da sauransu, suka yi shekaru da dama suna gagarar Kano da Bauchi da Zazzau. Har yau ana ba da labaran asirai da abubuwan al'ajabi da ake jingina musu. Ga gudun hijira, ga dutse, ga yaƙi, ga aure tsakanin baƙo da ɗan gari, ga amana da cin amana. Me marubucin labarin jarumta yake nema da ya wuce wannan?

Yankari kuma kun ɗauke ta wurin wanka a Wikki da kallon giwaye. A cikin dajin nan akwai koguna 59 da mutane suka fafe da hannu a jikin dutse suka zauna a ciki, waɗanda ake kira Kogunan Marshall. Akwai rijiyoyin Dukkey, fiye da 100, da aka haƙa aka haɗa su ta ƙarƙashin ƙasa don tara ruwa. Akwai ragowar matoyar ƙarfe masu yawa, shaidar cewa wurin da yau sai gwaggon biri da bauna, a da gari ne mai hayaƙi da ƙarar maƙera. A Geji da Shira akwai zane-zanen dabbobi a jikin duwatsu da ba a san hannun da ya yi su ba. A ƙasar Kirfi, masanin tarihin ƙasa Abubakar Sule Sani na Jami'ar Ahmadu Bello ya yi haƙa a kufai irin su Kirfin Sama, tsohon mazauni a kan dutse. In kuka ɗaga ido zuwa sauran Arewa, ga Surame ta Kanta a ƙasar Kabi da ganuwarta ta dutse, ga Alƙalawa ta Gobir da Birnin Gazargamu na Barno, dukansu biyu sun faɗi a 1808, manyan birane da sarakuna da malamai da kasuwanni, yau sai tuddai da ciyawa.

Kowane ɗayan waɗannan wurare an yi soyayya a cikinsa. Wata yarinya ta taɓa hawa dutsen Kirfi da tulu a ka tana satar kallon wani. Wani saurayi ya taɓa makara a wajen Ƙofar Ran saboda ya tsaya zance, ya kwana a bayan ganuwa yana jin kukan kura. Ranar da aka watse daga wani gari, akwai wadda aka yi wa baiko ta bi ayarin gabas, wanda zai aure ta ya bi na yamma. Waɗannan ba su cikin littafin tarihi, kuma nan ne daidai inda mai ƙaga labari yake da 'yanci. Ku sa aljannu in kuna so, ai mutanenmu ba su taɓa raba kufai da tsamiya da mutanen ɓoye ba. Amma ku sa aljanin da ya san Hausa da Fulatanci da Jaranci, wanda ke zaune a gindin kukar da kakarku ta hana ku zuwa da tsakar rana. Shi zai fi tsorata mai karatu, domin mai karatu ya san kukar.

Da yawanku na san kuna rubutu a ɓoye, a bayan littafin darasi ko a waya. Ku ci gaba. Ku fara da gajere, labarin da zai ƙare a littafi ɗaya, ku daina jan mai karatu zuwa na biyar don kawai an saba. Ku ba yarinyar labarinku baki da wayo da laifinta na kanta, wani lokaci ma ita ce za ta ɗauki sanda ta fita nema. 'Yan mata, gasar Hikayata ta BBC Hausa tun 2016 take karɓar gajerun labaran mata, ƙofa ce a buɗe. Kafin ku rubuta fada, ku je ku ga fada. Kafin ku rubuta maƙeri, ku zauna a maƙera ku ji warin gawayi, ku ga yadda ake zuga-zugi, ku tambayi sunan kowane ƙarfe da ke hannunsa. Ku nemi tsofaffin unguwarku, musamman mata, ku gaishe su yadda ya kamata, ku tambaye su daga ina kakanninsu suka taso da abin da ya tashe su. Ku nemi izini ku naɗi muryarsu a wayar nan taku, ku rubuta sunan garin da suka ambata daidai yadda suka faɗe shi.

In kun tashi zuwa kufai, kada ku tafi ku kaɗai, kuma ku fara tambaya ko hanyar lafiya take, don wasu dazuzzukan yanzu ba na shiga ba ne. Ku fara sauka wurin mai unguwa ko sarkin garin, ku faɗi abin da ya kawo ku, a haɗa ku da wanda ya san wurin. A Yankari ba a shiga sai da ma'aikacin dajin. Kada ku haƙa ko'ina, kada ku rubuta sunayenku a jikin dutsen da ke da zane, kada ku ɗauko ko da katangar tukunya ce, domin masu bincike daga inda abu yake kwance suke gane shekarunsa, in an ɗaga shi an ɓata shaidar. In kun ga wani abu da ruwa ya tono, ko kun ga masu haƙa suna kwasa don sayarwa, ku ɗauki hoto, ku sanar da mai garin da ofishin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa.